Man Giyar da Ya Ɓace a Motar Yayana

Yayana gyaran famfon burtsatse yake yi, kuma a iya sanina bai taɓa yarda da wani abu ba sai ya leƙa ƙarƙashinsa. In ka ba shi kujera, sai ya girgiza ta kafin ya zauna. In ka ce masa an yi ruwa a unguwarku, takalminka zai kalla ya ga ko da laka. Shi ya riƙe mu bayan rasuwar mahaifinmu, ni ce auta, kuma har yau ina tuna yadda yake jan layi da farce a jikin sabulu kafin ya fita aiki. Ba rowa ba ce, don bai taɓa barin mu da yunwa ba, kuma shi ya sa ni koyon ɗinki ya sayo mini keke. Shi dai so yake ya san inda kowane abu ya tafi.

Sana'ar ta ƙara masa. Za a kira shi ƙauye a ce famfo ya tsaya haka kawai, ya je ya zaro bututu ya tarar yara sun cusa tsakuwa, ko wani ya kwance noti ya kai wa kekensa. Tun yana saurayi yake ganin irin wannan, har ya zauna masa a rai cewa babu abin da ke lalacewa da kansa, sai da hannun wani. Aiki kam ya iya, ba na hana shi. Famfon da ya gagari mutum uku, shi zai ɗora kunne a jikin ƙarfen, ya sa a buga sau biyu, ya faɗi abin da ke ƙasa. Amma kafin ya taɓa sifana sai ya tara mutanen wurin ya yi musu tambayoyi kamar an kashe mutum.

Motarsa tsohuwar jif ce ta shiga daji, wadda ya saya a hannun wani kamfanin haƙar rijiya da ya tashi. A da fara ce. Yanzu ƙofar baya igiya ke riƙe da ita, rufinta ya lotsa saboda ɗaukar bututu, amma ba ta san ramin da zai tsayar da ita ba. Giyarta mai canza kanta ce, irin wadda ake zuba wa jan mai. Yaya bai iya tuƙin yashi da laka ba, don haka ya ɗauki direba, wani dogon mutum marar magana da kowa ke kira Dogo. Wannan direban shi ne maigidana. Lokacin da ya nuna yana so na, Yaya ya bincike shi har sai da ya gano wanda ya koya masa tuƙi, ya je ya tambaye shi. Da bai sami komai ba sai ya dawo gida ransa a ɓace, ya ce to, a yi.

Shekaru suka yi ta tafiya, su biyu a gaban motar nan, ɗaya na tuƙi ɗaya na zargin hanya. Yaranmu sun tashi suna kwana a gidan kawunsu, nasa suna kwana a namu. Maigidana ya fi yi wa motar magana a kan mutane. Da safe zai buɗe bonet, ya duba ruwa, ya duba mai, ya goge geji da tsumma, ya ce mata, "Yau ma sai haƙuri, tsohuwa."

Bayan wata damina sai motar ta fara wani hali. In sun zo hawa, inji ya yi ta ihu amma ita tana jan ƙafa. Maigidana da kansa ya zaro gejin giya ya nuna wa Yaya cewa mai ya yi ƙasa. Wannan nake so a riƙe: shi ya fara faɗa. Aka sayo mai aka cika. Ba a daɗe ba ya sake yin ƙasa, aka sake cikawa. A karo na gaba Yaya ya sake dabara. Ya samo faffaɗan kwali ya shimfiɗa a ƙarƙashin motar a inda take kwana a ƙofar gidansa. Da safe ya jawo kwalin, ya ɗaga shi sama ya duba a hasken rana. Ko ɗigo babu.

Ya yi ta shimfiɗa kwali yana jawowa fes. Ni na san yayana, na san lissafin da yake yi a ransa. Mai yana raguwa, ƙasa ba ta sha ba, to wa ya sha? Mutum biyu ne ke taɓa bonet ɗin nan, kuma shi ya san ba shi ba ne.

Bai fito ya faɗa ba, da ya faɗa ma da sauƙi. Sai ya kai motar wurin mai walda aka liƙa mata kunne biyu a bonet, ya sa kwado, ya rataye makullin a wuyansa. Maigidana ya zo da safe da tsummansa a hannu ya tarar da kwado. Yaya ya ce, "Ɓarayin batir sun yi yawa." Daga ranar, in za a duba mai, Yaya ne zai buɗe, ya tsaya a kansa har ya gama, ya mayar ya kulle. Maigidana bai gaya mini ba. A bakin matar Yaya na ji, ita ma tana faɗa tana kallon ƙasa.

Na ce masa, "Baban yara, wai kwado aka sa wa bonet?"

Ya ce, "Motarsa ce."

"Kuma ka yi shiru?"

"Me zan ce? Bai ce na ɗauka ba."

Da kwadon da komai, mai ya sake yin ƙasa. Mai hankali zai ce to, an wanke direba. Ban da yayana. Shi sai ya kwanta ƙarƙashin motar ya gano cewa akwai notin juye mai a ƙasa, wanda ba ya bukatar a buɗe bonet. Ya ɗiga wa notin fenti. Ya kuma shiga zagaya masu sayar da mai a bakin titi yana tambaya ko wani dogon mutum yana kawo musu jan mai a gora. Gari ba ya ɓoye irin wannan. Wata mai kawo mini ɗinki ce ta tambaye ni, tana wani lanƙwasa murya, wai ko lafiya tsakanin maigidana da surukinsa. A wurin mai shayin da direbobi ke zama har an fara ce wa maigidana ya sam musu jan man nan in ya rage. Yana dawowa gida ya ci abinci kaɗan ya kwanta ya juya wa ɗaki baya.

Abin da ya ƙure ni shi ne ranar da Yaya ya zo gidanmu da hantsi, ya san maigidana ya tafi kai yaro asibiti. Muka gaisa, na kawo masa ruwa. Yana magana idonsa na yawo a tsakar gida. Can sai ya tashi kamar zai miƙe ƙafa, ya nufi bayan ɗakin girki inda nake ajiye jarkoki, ya ɗauki ɗaya ya buɗe ya kai hanci.

Na ce, "Kananzir ne, Yaya. Waccan kuma man keken ɗinki ne. Akwai tukunyar miya a ciki, ko ita ma a kawo maka ka shinshina?"

Ya ce, "Auta, ki iya bakinki."

"Na iya shi shekara da shekaru. Uban 'ya'yana kake nema ka mayar ɓarawo a gari, a kan man da bai kai kuɗin cefane ba. In mota ce ba lafiya, a kai ta wurin bakanike. In kuma mijina ne ba lafiya, ka faɗa a gabana yanzu."

"Ni ban ce ya ɗauka ba."

"Ba ka ce ba, amma duk gari sun ji."

Na yi kuka a ranar, na haushi, ba na tausayi ba. Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ran nan, kuma na ga abin ya dake shi. Ya ce ya yarda a kai ta, amma shi zai zaɓi bakaniken, kuma ba zai faɗi ko wane ne ba sai an kama hanya, don kada a riga shi zuwa a shirya magana. Na ce ni ma sai na je. Ya ce gareji ba wurin mata ba ne. Na ce bayan ɗakin girkina ma ba wurin maza ba ne.

Ya kai mu can ƙarshen gari, wurin wani dattijo da ake kira Mai Rami, saboda a duk layin shi kaɗai ke da ramin da mota ke hawa a shiga ƙarƙashinta a tsaye. Bai san maigidana ba, bai san Yaya ba. Garejin rumfar kwano ce, ƙasa ta yi baƙi ƙirin da tsohon mai, an jingina matattun giyabos a jikin katanga. Aka ba ni benci, na share shi da gefen mayafi na zauna. Maigidana ya hau da motar kan ramin ya fito ya tsaya gefe, hannunsa a baya.

Yaya ya fara bayani, yana zagaye-zagaye, yana cewa mai na tafiya ba ya barin sawu, kuma shi dai ya san mai ba shi da fiffike. Mai Rami ya kalli kwadon da ke bonet, ya kalli maigidana, ya kalle ni. Ina jin a nan ya gane irin aikin da aka kawo masa. Ya ce, "Buɗe mini, maigida."

Ya zaro geji ya ɗiga man a bayan hannunsa, ya murza, ya shinshina. Ya ce ya fara ƙonewa kaɗan amma giyar ba ta mutu ba. Ya buɗe murfin lagireto ya leƙa, ya ce wani lokaci man giya kan ɓalle ya shiga cikin ruwan, sai ka ga ruwan ya yi kamar madara. Wannan ruwan lafiyarsa lau. Sannan ya sauka ramin da bokitin kananzir da buroshi, Yaya ya bi shi a baya ba a gayyace shi ba. Ya wanke ƙarƙashin motar tas, tun daga bayan inji har inda farfela, sandar da ke juya tayoyi, ta fita, ya bari ya bushe. Ya ɗauko gwangwanin hodar jarirai ya bi ko'ina ya barbaɗa, har ƙarƙashin motar ya yi fari.

Yaya ya ce, "Wannan kuma na mene ne?"

"Man mota maƙaryaci ne. Inda ka gan shi ba nan ya fito ba, iska ke kai shi. Amma a kan hoda, duk inda ya tsatso sai ya nuna kansa."

Na ga fuskar Yaya ta ɗan saki. Ya sami ɗan'uwansa a rashin yarda.

Mai Rami ya ce maigidana ya tafi da ita ya zaga, ya nemi hawa, ya bar ta ta yi zafi sosai. Yaya ya yi wuf ya shiga gaba ya zauna, kada a tsaya a hanya. Suka dawo motar na huci, aka mayar da ita kan ramin. Na taso na tsuguna a bakin ramin ina leƙe. Dattijon ya bi da tocila a hankali, yana faɗin sunan kowane wuri kamar mai kiran ɗalibai. Gaskit, robar bakin farantin ƙasan giya, a bushe. Tiyo biyun da ke kai mai gaba ya huce, a bushe. Inda giya ta haɗu da inji, a bushe. Notin da aka ɗiga wa fenti, fentin na nan ba a taɓa ba. Hoda fara sol ko'ina.

Yaya ya ɗago kai daga ramin ya kalle ni. Na san abin da idon ke cewa. Gabana ya faɗi, ba don ina shakkar mijina ba, sai don na ga za mu koma gida da abin da ya fi wanda muka zo da shi. Maigidana yana tsaye inda yake, yana kallon titi.

Mai Rami bai fito ba. Ya matsa baya, inda wani ƙaramin akwatin ƙarfe yake manne da bayan giyar. Ya ce ita ce ƙaramar giya, mai raba ƙarfi tsakanin tayoyin gaba da na baya in an shiga daji, kuma tana da nata man daban. Ya tura hannu can samanta, inda ido ba ya kaiwa, ya daɗe yana lalube. Da ya zaro, yatsunsa biyu sun yi ja.

Ya ce wa yaron garejin, "Miƙo mini wancan kaskon. Maigida, matsa gefe."

Yaya bai matsa ba, ya ma ƙara kusantowa don kada a yi wani abu a bayan idonsa. Mai Rami ya ɗora sifana a kan wani noti da ke gefen akwatin, ya ce, "Nan ake zuba mata mai. In lafiya take, in na kwance, ko ɗigo ba zai fito ba, don iyakar man daidai bakin ramin yake." Ya murɗa. Notin bai gama fita ba mai ya yi tsartuwa, ja wur, mai zafi, ya wanke wa Yaya gaban riga har zuwa wando. Ya yi ta zuba cikin kasko kamar an buɗe famfo.

"Ga manka nan," in ji Mai Rami. "Bai je ko'ina ba."

Ya yi bayani yana goge hannu. Tsakanin babbar giya da ƙaramar akwai wani zoben roba, sil, da ke hana man wannan shiga waccan. Ya tsufa ya saki. Sai babbar ta riƙa ɗura wa ƙaramar mai ta ciki. Da ta cika maƙil, sauran ya riƙa fita ta ɗan hancin numfashi da ke samanta, kuma ba ya fita sai mota ta yi zafi tana gudu, iska ta kwashe, yashi ya rufe. In ta tsaya ta huce, shi ke nan. Ya ce ko shekara za a yi ana shimfiɗa kwali ba za a ga komai ba.

Na zaci a nan yayana zai juya ya kalli surukinsa. Sai ya ce, "Ba zai yiwu wani ya juye daga can ya zuba a nan ba?"

Wallahi da ba yayana ba ne, da na faɗi abin da za a daɗe ana maimaitawa. Mai Rami ya tambaye shi sana'arsa, ya faɗa masa. Dattijon ya ce, "To kai ba ka taɓa ganin famfon da ruwa ke zurarewa ya koma cikin rijiya ba, sama a bushe?"

Yaya ya kalli rigarsa da mai ya jiƙa. Ya ce, "Robar ƙasa ce ke ci."

"To ita ce."

Duk da haka sai da Yaya ya ce a kwance ya gani da idonsa. Aikin ya ci yinin. Aka cire farfela ta gaba da ta baya, aka tallafe giyar da jak, aka sauke ƙaramar. Maigidana ya tuɓe riga ya shiga ramin ya kama musu, don nauyi gare ta. Mai Rami ya ɓanɓaro sil ɗin da sukundireba ya miƙa wa Yaya. Robar ta bushe ta yi tauri, leɓenta ya tsage. Dattijon ya shafa ƙarfen da ke juyawa a cikinta da farce, ya ce bai ci ba, an yi sa'a. Yaya da kansa ya je shago sayen sabo, ya sa aka buɗe masa kwalaye da yawa kafin ya zaɓi ɗaya. Aka shafa masa mai aka buga shi a hankali har ya zauna daidai, aka mayar da komai, aka zuba wa kowace giya nata man. Da maigidana ya ja ta a hanyar komawa, hawan da take ihu a kansa ta haye shi ba ta ko yi tari ba.

A ƙofar gidan Yaya maigidana ya ajiye ta a inda take kwana. Ya kashe, ya fito, ya miƙa makulli da hannu biyu, ya ce, "Yaya, ga shi. Allah ya bar zumunci." Yaya ya karɓa ya ce sai da safe, yana tsammanin maganar yau da kullum ce. Da safe maigidana bai je ba, washegari ma haka.

Yaya ya aiko matarsa, ya aiko babban ɗansa, daga baya ya zo da kansa. Na shimfiɗa masa tabarma na kira maigidana. Ya fito ya durƙusa ya gaishe shi kamar kullum. Yaya ya yi ta kewaye-kewaye, ya ce an cire kwadon, ya ce akwai aiki a wani ƙauye mai nisa kuma hanyar sai wanda ya san ta. Kalmar haƙuri dai ta kasa fita.

Maigidana ya ce, "Yaya, ni na yafe, har ga Allah. Yara za su ci gaba da zuwa, ni ma zan zo gaisuwa. Amma motar nan tsohuwa ce. Gobe wani abu zai sake ɓata a cikinta, kuma ba kullum za a sami wanda zai gano shi ba." Ya tashi ya koma ɗaki.

Na raka Yaya zaure. Yana sa takalmi ya rage murya ya ce, "Auta, faɗa mini gaskiya. Wa ya ɗauke shi aiki? Na san akwai wanda ya daɗe yana zuga shi. Mai tankar ruwan nan ne ko? Tun yaushe suka shirya?"

Na ce, "Babu kowa, Yaya. Tun ranar yana gida. Ko neman aikin bai fara ba, da ɗinkina muke ci."

Ya tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa yana kallona, yana jiran in ƙara wani abu da zai kama. Ba ni da abin ƙarawa. Sai ya sunkuya ya sa ɗayan, ya fita bai yi mini sallama ba.